Sayen banso don ɗan shagon kafinta na gida: abin da za ka duba kafin ka biya

Duk wanda ya taɓa zama da jigso, ɗan zarton lantarkin nan na riƙewa a hannu, yana fama ya fitar da lanƙwasar kan gado a katako mai kaurin inci biyu ya san wahalar da nake nufi, sama ta fita ras yadda ka zana da fensir, kana juya ƙasan ka tarar zarton ya karkace ya ci wani waje daban, sai ka wuni kana guga da sanfefa kana tsaki. Wannan wahalar ce ta sa na shiga neman banso, kuma tunda 'yan uwa masu ɗan shago a gareji ko a zaure ko bayan gida suna yawan tambayata wane iri ya kamata su saya, bari in zauna in faɗi abin da na sani, har da inda na tafka asara.

Ga wanda bai san shi ba, banso zarto ne siriri dogo da aka haɗe bakinsa biyu da walda ya zama zobe kamar bel, yana zagaya wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, moto na juya na ƙasan, haƙoran kuma kullum gangarowa suke ta tsakiyar tebur. In ka taɓa ganin injin da masu kifi da kajin ƙanƙara ke yanka da shi a kasuwa, toh ɗan uwansa ne, sai dai wancan na nama da ƙashi ne, kada wani ya lallaɓa ka ya tura maka shi a matsayin na katako. Abu biyu banso ya fi kowane inji iyawa, yankan lanƙwasa da kuma tsaga katako mai kauri ya zama falle-falle. Bakinsa siriri ne, abin da yake ci na katako a kowane yanka bai fi milimita ɗaya da ɗoriya ba, alhali sakula, wato zarto mai zagaye kamar faifai, na cin wajen uku, in kana tsaga madaci mai tsada za ka ga bambancin a aljihunka. Sannan tunda ƙasa yake danna katakon a kan tebur, ba ya yin wannan harbin da sakula ke yi ta wurgo maka katako a ciki.

Amma fa ka tambayi kanka tsakani da Allah, wane aiki kake yi? In aikinka wadrof ne da kabad ɗin kicin, kullum kana yanka manyan fallayen MDF masu ƙafa 4 da ƙafa 8, wallahi ba banso kake buƙata ba, ka sayi sakula ta tebur ka huta, domin fallen ba zai ma shige tsakanin zarton da ginshiƙin injin ba. Banso na mai ƙafafun kujera ne da kan gado da kujera 'yar tsuguno da allon karatu da abin ɗora Alƙur'ani da kayan wasan yara, ko wanda yake son ya sayo guntayen katako masu kauri da araha a 'Yan Katako na Na'ibawa ko Dei-Dei ya zo gida ya tsaga abinsa yadda yake so.

Lambar da ake kiran injin da ita, inci 9, inci 10, inci 14, inci 18, faɗin wilin ne, kuma kusan shi ne faɗin katakon da zai iya wucewa tsakanin zarton da ginshiƙi, mai inci 14 yakan ba ka wajen 13 da rabi. Sai dai akwai lamba ta biyu da masu sayarwa ba sa damuwa su faɗa, wato tsayin yanka, kaurin katakon da zai shiga tsakanin tebur da abin da ke riƙe zarton ta sama, kuma ni a wajena ita ta fi muhimmanci. Ƙananan nan na ɗorawa a benci masu wat 350, irin waɗanda ake gani a shagunan kayan aiki na Ingco da Total da makamantansu, tsayin yankansu inci 3 ne ko 3 da rabi. Suna da amfaninsu, ban raina su ba, in allo kake yi ko 'yan kayan ado da katako mai laushi kamar malaina za su yi maka, ba sa cin wuta, mutum ɗaya zai ɗauka ya sa a ɗaki ya kulle. Amma ranar da ka tura musu iroko mai inci 3 za ka ji moton na kuka kamar akuya a hannun mahauci.

Wanda akasarin masu shagon gida a duniya suka tsaya a kansa shi ne mai inci 14. Kamfanin Delta na Amurka ne ya fito da wannan samfurin tun shekarun 1930, daga baya masana'antun Taiwan da Chaina suka yi ta kwaikwayonsa ana liƙa sunaye daban-daban, shi ya sa za ka ga Jet da Grizzly da wasu da ba ka taɓa jin sunansu ba duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Wannan kuwa alheri ne gare ka, domin kayan wani sau da yawa yana shiga na wani. Tsayin yankansa inci 6 ne, akwai wani ƙarfe da ake sakawa a tsakiyar ginshiƙin ya ɗaga shi zuwa inci 12, sai dai kada ka ruɗu, ƙara tsayi ba ya ƙara wa moto ƙarfi. Akwai kuma masu jikin farantin ƙarfe da aka yi wa walda, irin na Turai, su Scheppach da Metabo da Record Power, in farantin mai kauri ne sun fi jure ɗaurin zarto mai faɗi.

Yanzu ga inda na ci ƙasa, maganar wuta. Injina na farko cinikin biri a sama na yi, wani bawan Allah ya turo min hotuna a WhatsApp, tokumbo ne daga Amurka fenti na ƙyalli, na tura kuɗi aka ɗoro min a mota. Sai da ya iso na sunkuya na karanta ɗan farantin da ke jikin moton na ga an rubuta 115V da 60Hz. Mu kuwa wutarmu a Najeriya da Nijar da Ghana 220 zuwa 230 ce a kan 50Hz. Na je na sayo taransifoma mai rage wuta, injin ya tashi, amma taransifoma ba ta canja wannan Hz ɗin, wato saurin bugawar wutar da gudun moto ya dogara a kai, moton da aka yi don ya juya 1725 a minti sai ya dawo wajen 1440, wato ya rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa, ga zafi, minti ashirin ba ka iya ɗora hannu a kansa. Ƙarshe dai cire shi na yi na sa moton da ya dace da wutarmu. Abin da ya cece ni shi ne moton a waje yake, da bel da fuli yake juya wilin, kwance noti huɗu ne kawai. Da irin wanda moton ke manne da wilin kai tsaye ne da sai dai 'yan gwangwan. Don haka in za ka sayi na hannu, fara da farantin nan kafin ka kalli fenti. In ka ga 230V 50Hz, madalla. In ka ga 115/230 ana iya juya wayoyin ya karɓi wutarmu amma maganar zafin tana nan in 60Hz ne kaɗai aka rubuta. In kuwa ka ga 380 ko 400V, na layi uku ne, na masana'anta, kuma irinsu kan zo da araha mai jan hankali saboda ba kowa ke iya tada su ba, in gidanka layi ɗaya ne ka wuce kawai sai dai in ka shirya canja moto ko sayen na'urar da ke juya wutar.

Ƙarfin moto kuma HP ake rubutawa, ƙarfin doki, doki ɗaya wat 746 ne. Mai inci 14 yana zuwa da kashi uku cikin huɗu na doki ko doki ɗaya, wannan ya isa lanƙwasa da tsaga har inci 5 ko 6 in zarton na da kaifi kuma ba ka gaggawa. In kana nufin tsaga inci 10 na madaci ko ƙirya, nemi doki ɗaya da rabi zuwa biyu. Sai ka tuna NEPA ba ta da alƙawari, rabin aikinka a janareta za ka yi shi, kuma irin wannan moton lokacin tashi yana jan wuta ninki uku ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita. Ɗan ƙaramin jen ɗin nan na kunna fanka da talabijin ko motsa shi ba zai yi ba, ni doki ɗaya nake da shi kuma sai da jen mai 3kVA na samu kwanciyar hankali, shi ma sai na kashe firij tukun. Inbata ta sola ma haka, duba ƙarfin da take iya ɗauka na tashin farko ba wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. Kuma in NEPA ta kawo wutar nan mai rauni da ƙwan fitila ke ja kamar garwashi, kada ka kunna, haka ake ƙona kwayil.

Sai zarton kansa, wanda a gaskiya shi ne injin, sauran duk abin juya shi ne. Tun asali ma matsalar banso a nan take, wani Bature ɗan Ingila William Newberry ya yi rajistar dabarar tun 1809 amma ta kwanta shekaru saboda mahaɗin zarton na yawan tsinkewa, sai a 1846 wata Bafaransa Anne Paulin Crepin ta samo hanyar haɗa shi ya riƙe, kuma har gobe in zarto zai tsinke maka sau da yawa a wajen waldar ne. Kowane inji da tsawon zartonsa. Mai inci 14 irin na Delta inci 93 da rabi yake ɗauka, in an ɗaga shi 105, na Turai kuma da milimita suke, za ka ji 1400, 1712, 2240. Wancan tokumbon nawa zarto mai inci 80 yake ɗauka, na zagaya shaguna har na gaji babu, injin ya yi wata biyu a rufe da buhu kaji na kwana a kansa, sai da wani dattijo mai gyaran zartuna ya ce min "yaro ai ba a neman wannan a kwali, kawo awonka in yanka maka," ashe a naɗe suke sayo shi su yanka su yi walda daidai tsawon da kake so. Toh kafin ka biya kuɗin inji ka fara gano wanda zai riƙa haɗa maka zarto a garinku, ka tambayi masu injin tsaga a kasuwar katako wa ke yi musu, sannan ka tabbata yana da sirara, don wasu na manyan injina kawai suke ajiyewa. In babu tsohon zarto a jiki da za ka auna, sauke wilin sama zuwa tsakiyar tafiyarsa ka zagaya da igiya ka auna da tef, ko ka auna daga tsakiyar wili zuwa tsakiyar wili ka ninka biyu, ka tara da faɗin wili sau 3.14.

Faɗin zarto shi ke faɗa maka irin kwanar da zai sha. Mai kwatan inci zai zagaya da'irar da daga tsakiyarta zuwa gefe ba ta kai inci ɗaya ba, mai rabin inci sai ta kai wajen inci 2 da rabi, shi kuma ya fi tafiya miƙe wajen tsaga. Ni biyun nan kawai nake ajiyewa. A takarda za su ce maka inji mai inci 14 na ɗaukar har kashi uku cikin huɗu na inci, yana shiga kam, amma sifirin da ke ɗaure zarton ba ya iya ɗaure shi yadda ya kamata, ka tsaya a rabin inci. A jikin kwali kuma za ka ga TPI, yawan haƙora ne a inci ɗaya. Mutane na ɗauka mai haƙora da yawa ya fi kyau, a katako mai kauri kuwa akasin haka ne, dusar ba ta samun hanyar fita sai zarton ya yi zafi ya ƙona katakon ya fara yawo. Tsaga mai kauri haƙora 3 ko 4, aikin yau da kullum 6, falle siriri 10 zuwa 14, ƙa'idar dai aƙalla haƙora uku su kasance cikin katakon a kowane lokaci. Zarton da ke zuwa da sabon inji kuma yawanci na gwaji ne, kada ka yanke wa injin hukunci da shi. Kada kuma ka ce za ka yanka ƙarfe don ka sa zarton ƙarfe, na katako yana gudun wajen ƙafa 3000 a minti, ƙarfe kuwa ɗari ɗaya zuwa uku yake so, nan take haƙoran za su zube.

Ranar zuwa dubawa, ko a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko wajen wanda ka gani a Jiji, ka tafi da sukwaya, abin auna kusurwa na kafinta, da tocila da guntun katako mai tauri mai kaurin inci 4, naka na kanka, don mai sayarwa da ɗan falle mai laushi zai gwada maka. Cire fulogi, buɗe murfin sama da na ƙasa, juya wilin da hannu ka zuba ido ko yana rawa gefe da gefe, kama shi ka girgiza, in ka ji ƙwas-ƙwas boris ya tafi, wannan ƙaramin abu ne boris na ko'ina a kasuwa, amma wili in ya lanƙwashe ko ya tsage ka haƙura. Duba robar da ke kan wilin, in ta bushe ta farfashe za a canja, ka rage a kuɗin. Haska tocila bayan wilin sama inda abin ɗaure zarto yake, sannan ka leƙa ƙarƙashin tebur ka ga ƙarafan nan biyu masu siffar rabin wata da tebur ke karkata a kansu, waɗannan wurare biyu a injina da yawa da ƙarfe mai gautsi aka yi su kuma su ne ke karyewa, in ka ga an liƙe da gam ko an yi wata walda ta ƙarfin hali ka san abin da kake saya. Tebur ya zama na kas mai nauyi, ɗora sukwaya a kai ka ga ko ya shafe daidai, musamman gefe biyu na tsagar da ake shigar da zarto. Sai a kunna. Turawa kan tsayar da sulalla a gefenta a kan tebur su ga ko za ta faɗi, mu da sulalla ta zama tarihi sai ka tsayar da ƙusa inci 3 a kan hularta, in injin na gudu tana tsaye lafiya lau, in ta fara tafiya tana rawa har ta faɗi akwai jijjiga, wataƙila bel ne kawai ya tsufa wataƙila kuma wili ne. Daga nan ka tura katakonka ka saurari moton. In mai kaya ya ce "Alhaji ai babu wuta yau, amma wallahi lafiyarsa ƙalau," ka ce masa ka yarda, za ka biya kuɗin fetur a tada jen. Na haɗin gida da masu walda ke ƙerawa ma haka za ka gwada su, wasu na da ƙarfi sosai kuma gyaransu ba wuya, sai dai ka dage a kan murfi, ban yarda da injin da wilinsa ke tsirara ba ko kyauta ne.

Wajen ɗauka, mai inci 14 yakan kai kilo 80 zuwa 100, kuma 'yan dako abin da hannunsu ke fara kaiwa shi ne tebur tunda shi ya fito kamar mariƙi, a nan ake karya rabin watan nan da na ce. Kwance teburin da kanka ka riƙe shi daban, a kwantar da injin a kan bayansa wajen ginshiƙi a ɗaure.

In ya iso gida kada ka yi ɗokin yanka, daidaitawa tukun, fulogi a cire. Ja duk abubuwan da ke riƙe zarton baya, sa zarton haƙora na kallonka kuma suna kallon ƙasa, in ka ga suna kallon sama a juye yake, sai ka juya cikinsa waje kamar safa. Ɗaure shi har in ka danna da yatsa daga gefe ya motsa kamar kwatan inci, sannan ka riƙa juya wilin da hannu kana murɗa abin da ke bayan wilin sama har zarton ya zauna a tsakiyar robar ya daina zamewa gaba ko baya. Masu riƙe shi ta gefe, ko boris ne ko 'yan dunƙulen ƙarfe, ka matso da su su tsaya daf da bayan haƙora ba a kan haƙoran ba, ratar da ke tsakaninsu da zarton kaurin takardar kuɗi guda ɗaya tak, ni tsohuwar ɗari biyar nake naɗawa in matse in zare. Boris ɗin baya kuma ya kusa taɓawa amma kada ya juya sai ka fara tura katako. Ka yi haka sama ka yi ƙasan tebur, na ƙasan ne kowa ke mantawa. In bayan duk wannan yanka na karkata gefe guda, kafin ka zargi injin canja zarto, sau tari haƙoran gefe ɗaya ne suka dakushe, musamman in ka taɓa cin karo da ƙusa a tsohon katakon rufi.

Don ba ya harbi ba shi ne ba ya cin yatsa ba, ka dai tuna ɗan uwansa ƙashin saniya yake rabawa. Sauke abin riƙon sama ya rage kamar kwatan inci tsakaninsa da katako, kada ka bar zarto a buɗe inci biyar kana yanka falle. Naɗe hannun kaftani, babbar riga da safar hannu ba wurinsu ba ne, ƙarshen yanka kuma da ɗan sanda za ka tura. Gungume mai zagaye kada ka tura shi haka nan, zarton zai fizge shi ya mirgina da hannunka, sai ka ɗaure shi a wani katako mai kwari. In kwana ta matse kada ka ja baya inji na gudu zarton zai faɗo daga wili, kashe tukun, ko tun farko ka yi 'yan tsage-tsage daga gefe zuwa layin don guntayen su riƙa zubewa. In ka fara jin tas-tas-tas a jere zarton ya tsage yana shirin tsinkewa, kashe ka jira wili ya tsaya cak kafin ka buɗe murfi, kuma kada ka bar kowa ya tsaya ta damanka, ta nan yakan fito. Ƙurar iroko na sa wasu tari da ƙaiƙayi har da asma, sa takunkumi, ka kuma buɗe ƙasan injin kana kwashe dusa don in ta taru a kan roba zarton zamewa yake.

Tunda a gida ne akwai yara, ni in na tashi sai na sassauta zarton don kada robar ta kwanta gefe guda, in cire fulogin in sa shi a wani ɗan akwati mai kwaɗo, da damina kuma in goga wa teburin kakin zuma don tsatsa, ba baƙin mai ba, mai na ɓata katako fenti ya ƙi kamawa.